Darasi Daga Rayuwar Farfesa Jibril Isa Diso

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)



Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ba ni damar tsayawa a gaban waɗanda suka koya mini riƙon alƙalami. Zan yi magana ne a kan wani malami, amma ku yi mini haƙuri in fara da wani ɗalibi.

'Yan ajinmu za su tuna da wani yaro da muka shigo aji ɗaya tare, daga wani ƙauye kusa da garinmu Tafoki. Annobar sanƙarau ta shekarar 1996 ta kama shi yana ƙarami, ya tashi, amma ta tafi da mafi yawan jinsa. Kullum yana can kujerar baya. In malami ya kira shi bai amsa ba, sai a ce taurin kai ne, mu kuma mu bushe da dariya. Ba zan ɓoye muku ba, ina cikin masu dariyar. Bai gama aji biyu ba ya koma gida. Bara na gan shi a kasuwa yana gyaran takalma, ya gane ni, ya riƙe hannuna yana murna, ni kuwa kunya ta hana ni haɗa ido da shi.

Malamaina, ba laifinku nake gani ba. Ba wanda ya taɓa koya muku cewa irin wannan yaro gaba ake zaunar da shi, a fuskance shi in ana magana don ya karanci leɓe, a kuma rubuta masa komai a allo. Sanin wannan fanni ne mai zaman kansa, shi ake kira ilmi na musamman, kuma a kansa marigayi Farfesa Jibril Isa Diso ya ƙarar da rayuwarsa.

Shi wannan bawan Allah mutumin Kano ne, kuma makaho ne. A ƙasarmu kowa ya san abin da aka saba tanadar wa yaro makaho: sanda da ƙoƙo da ɗan jagora. Shi kuwa sai ya riƙi karatu, ya yi ta hawa har ya zama malami a Sashen Ilmi na Musamman na Jami'ar Bayero, ya kai matsayin farfesa. Da Allah ya yi masa rasuwa a shekarar 2025, jaridu sun bayyana shi da cewa shi ne makaho na farko da ya taka wannan matsayi a Nijeriya. Abin lura a nan shi ne, aikinsa horar da malamai ne. Duk malamin da ya fito daga hannunsa, aji guda ne aka buɗe wa yaran da a da ba su da wurin zama.

Kuma kada mu ɗauka abin baƙo ne. Tun 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri, inda ake koyon rubutun nan na ɗigo shida da ake karantawa da yatsu. A 1977 manufar ilmi ta ƙasa ta ware wa naƙasassu babi na kansu, kuma akwai kwalejin tarayya a Oyo da aka keɓe don horar da malamansu. Kano na da makarantar Tudun Maliki, mu ma a Jihar Katsina muna da ta kurame a Malumfashi da ta makafi a cikin birni. Kafin duk wannan, mun san Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, kuma ladanin Manzon Allah (SAW) ne, a kansa ma aka saukar da farkon suratu Abasa.

To, jama'a, ina yaran Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a cikin wannan? Kun san halin da rashin tsaro ya jefa karatu a yankinmu, musamman bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a watan Disamba na 2020. In mai ido da kunne ya sha wuya kafin ya isa aji, ina ga wanda ba ya gani ko ba ya ji?

Don haka ina roƙon wannan ƙungiya abu biyu. Na farko, mu ɗauki nauyin malami ko da guda ne daga makarantarmu, ya je ya karanto wannan fanni, da sharaɗin ya dawo ya koyar da sauran. Na biyu, kowannenmu in ya koma gida ya bincika unguwarsu, in akwai yaron da aka ajiye saboda makanta ko kurumta, ya zauna da iyayensa, ya nuna musu hanyar makaranta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni dai na sa sunana a farkon takardar gudummawa, don akwai bashin dariya a kaina.

Allah ya jiƙan Farfesa Diso, ya saka wa malamanmu da alheri, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.

Wassalamu alaikum.