Keken Kishingiɗe Mai Ƙafa Uku da Amfaninsa ga Jama'a

Akwai mutane da yawa a ƙasar nan waɗanda suka yi shekaru suna hawan keke zuwa gona ko kasuwa ko wurin aiki, amma daga baya suka jingine shi. Wani tsufa ne ya sa masa tsoron faɗuwa, wani ciwon baya ne ya hana shi zaman sirdi, wani kuwa shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi. Daga ranar da irin wannan mutum ya ajiye keke, sai zirga-zirgarsa ta ragu, zama ya yi yawa, jiki ya yi nauyi. Manufar wannan jawabi ita ce a bayyana wa jama'a wani irin keke da zai iya mayar da shi kan hanya.

Kada a ɗauka Keke Napep ake nufi, wanda a Kano ake kira a-daidaita-sahu, domin wannan ba shi da inji. Keke ne mai ƙafa uku, wanda aka sa wa kujera mai majingina a maimakon sirdi. Mahayi yana kishingiɗa ne, ya miƙe ƙafafunsa gaba inda feda take. Iri biyu ne: akwai mai ƙafa biyu a gaba da ɗaya a baya, akwai kuma mai ɗaya a gaba da biyu a baya. Na biyun kujerarsa ta fi tudu, saboda haka ya fi sauƙin hawa da sauka ga dattawa.

Tuƙa keke a kishingiɗe ba sabon abu ba ne. Wani maƙeri Bafaranshe, Charles Mochet, ya ƙera keken kishingiɗe mai ƙafa biyu, wanda a shekarar 1933 Francis Faure ya hau a birnin Paris, ya yi tafiyar kilomita 45 da 'yan mitoci cikin awa ɗaya, ya zarce bajintar da aka kafa tun 1914. Dalili shi ne, jikin da ke kishingiɗe ba ya tare iska kamar wanda ke zaune. A 1934 sai hukumar tseren kekuna ta duniya ta hana shiga gasarta da irinsa, abin da ya dushe sunansa har tsawon shekaru.

Amfaninsa na farko shi ne zama daram. Mai keken ƙafa biyu tilas ne ya riƙa daidaita jikinsa, in ya tsaya kuma ya kafa ƙafa a ƙasa. Mai ƙafa uku kuwa yana iya tafiya sannu a hankali, ya tsaya cik a mararraba ko a tsakiyar hawa, ya huta a zaune, ba tare da ya karkata ba.

Na biyu, nauyin jiki yana bazuwa ne bisa faɗin kujera da majingina. Watau wuyan hannu da kafaɗa ba su ɗauke da komai, wuya ba ya sagewa don ɗaga kai, kuma babu ƙunar mazaunai irin ta siririn sirdi.

Na uku, shi ne motsa jiki. A shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2020, kowane baligi, har da tsofaffi, yana bukatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Rabin awa a kan keke, kwana biyar a mako, ya cika mafi ƙarancin wannan adadi. Irin wannan motsi yana taimakawa wajen rage hawan jini da daidaita sukari a jini, kuma gwiwa ba ta shan dukan ƙasa kamar yadda take sha a wajen gudu.

Har ila yau akwai irin da ake tuƙawa da hannu. Mutanen Arewa sun saba da danginsa, watau keken da masu walda ke ƙera wa waɗanda shan-inna ta naƙasa. An tabbatar da kawar da asalin ƙwayar wannan cuta daga Afirka a 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, kuma bukatarsu ta abin hawa mai kyau ba ta ƙare ba.

Duk da haka, wajibi ne a san aibinsa. Ya fi keke na yau da kullum nauyi da faɗi da tsada, kuma ba ya sauri a hawa, tun da mahayi ba ya iya miƙewa a kan feda. Babban haɗarinsa shi ne gajarta, domin direban babbar mota ba lalle ne ya hange shi ba. Saboda haka a ɗaura masa doguwar tuta mai launi mai haske, a sa fitila da madubi, mahayi ya sa hular kwano, ya kuma guji manyan hanyoyi. A rage gudu kafin a sha kwana, domin mai ƙafa uku ma yana kifewa. A sa wa feda maɗauri don kada ƙafa ta zame ta shige ƙarƙashin keken.

Wanda ke fama da ciwon zuciya, ko yake farfaɗowa daga shanyewar jiki, ya fara neman shawarar likita, sa'an nan ya soma da ɗan gajeren zango a fili mai laushi, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Iyalan da ke da dattijo wanda ya jingine kekensa su yi tunani a kan wannan, masu gyaran keke da masu walda kuma su nazarci ƙirarsa, ko a samu na gida mai rahusa. Hausawa sun ce motsi ya fi laɓewa.