Wadi Dum: Tarihin Filin Jirgin Yaƙi a Hamadar Cadi

 Abin da za mu yi magana a kansa yau shi ne wani filin jirgin sama da ke cikin Sahara, arewa maso gabas da garin Faya a ƙasar Cadi, wanda ake kira Wadi Dum. Mun zaɓe shi ne domin tarihinsa gajere ne, amma ya isa ya nuna mana iyakar abin da ƙarfin makami zai iya yi.

Asalin maganar shi ne rigimar iyaka. Tun 1973 Libiya, ƙarƙashin Kanar Mu'ammar Gaddafi, ta mamaye Zirin Auzu da ke arewacin Cadi, tana cewa nata ne. Daga baya ta shiga yaƙin basasar Cadi, ta goyi bayan Gukuni Waddai, ita kuwa Faransa ta tsaya wa Hissene Habre. A watan Satumba na 1984 Faransa da Libiya suka yi alkawarin kowa ya kwashe sojojinsa. Faransa ta kwashe nata, Libiya kuwa ta zauna, har ma ta shiga gina wannan fili, mai titin saukar jirage da ya kai tsawon mita 3,800. Dalilin ginin a fili yake: daga Wadi Dum jiragen yaƙi suna iya kaiwa Injamena, babban birnin Cadi.

Ranar 16 ga Fabrairu, 1986, jiragen Faransa suka taso daga Bangi suka yi wa titin ruwan bama-bamai. Washegari wani jirgin Libiya ya rama a kan filin jirgin Injamena. Aka gyara titin, aka kewaye sansanin da nakiyoyi, aka jibge dubban sojoji da tankoki, har ana ganin babu mai iya kusantarsa.

To, amma abin ya zo ta inda ba a zata ba. Sojojin Cadi, ƙarƙashin Hasan Jamus, ba su da jiragen yaƙin da za su kara da na Libiya. Abin da suke da shi shi ne motocin a-kori-kura ƙirar Toyota, waɗanda aka ɗora wa makaman fasa tanka, sai kuma sanin hamada. Bayan sun ci garin Fada a watan Janairu na 1987, sai suka auka wa Wadi Dum, suka kama shi ranar 22 ga Maris. Suka sami jirage da tankoki masu yawa ganima. Cikin fursunonin akwai Kanar Halifa Haftar, wanda sunansa ya sake fitowa a rikicin Libiya daga 2011. Kwanaki kaɗan bayan haka Libiya ta janye daga Faya, aka tsagaita wuta a watan Satumba.

Jama'a, duk da wannan nasara, Zirin Auzu bai koma hannun Cadi ta bakin bindiga ba. Ƙasashen biyu sun kai ƙara Kotun Duniya, ranar 3 ga Fabrairu, 1994, ta yanke hukunci cewa zirin na Cadi ne, sojojin Libiya suka fice kafin ƙarshen Mayu. Abin da aka bar wa mutanen Wadi Dum shi ne ƙarafa masu tsatsa da nakiyoyin da ke ƙarƙashin rairayi, waɗanda aka yi shekaru ana aikin tonowa, makiyaya da raƙumansu suna cikin haɗari.

Mu ɗalibai, daga cikinmu ne za a sami hafsoshi da lauyoyi da jakadun gobe. Idan rigimar iyaka ta zo gabanmu, mu tuna cewa kotun da aka je a ƙarshe tana nan tun kafin a tono ramin nakiya ta farko.