"Na Sallama": Yaushe Ne Ciniki Yake Ɗaure Mutum?

(Jawabin da wani ɗan kasuwa daga cikinmu ya gabatar a taron ƙungiya a Gidan Waya)

 



Ni dai kun san ni, ba lauya ba ne, karatuna na Islamiyya ne, sai kuma abin da kasuwa ta koya mini cikin shekara talatin da wani abu. An ce in yi magana a kan yarjejeniya, watau yadda ciniki yake ƙulluwa, da kuma abin da zai sa alƙali ya tsaya maka idan abu ya ɓaci. Na karɓa ne saboda abin ya taɓa cin aljihuna.

A farkon daminar 2023 na bai wa wani manomi kuɗi a kan zai kawo mini citta buhu 20 in kaka ta yi. Mutumin kirki ne, mun shekara goma muna hulɗa, har bikin 'yarsa na je. Ba takarda, ba shaida, sai musafaha. To kowa a nan ya san abin da ya faru a wannan shekarar: cuta ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko har nan wajenmu, ganye ya ƙone, ƙasa ta ruɓe. Da na je wurinsa sai ya ce, "Alhaji, ai tare muka yi asara." Shi a wurinsa jari na zuba, riba tare, faɗuwa tare. Ni kuwa a wurina saye na yi. Wallahi ban ce ƙarya yake yi ba. Kowannenmu da abin da ya riƙe a ransa, amma bakinmu bai taɓa faɗin abu ɗaya ba.

Da na kai wa malaminmu maganar, sai ya yi murmushi ya ce in koma in buɗe Risala. Irin wannan ciniki sunansa salam, kuma halal ne, amma da sharuɗɗa. Ka biya kuɗin tun farko. A faɗi irin kayan, ɗanya ce ko busasshiya, tsagaggiya ce ko kuwa. A faɗi awo, a faɗi lokacin kawowa. Sannan ga wanda ya fi ba ni haushin kaina: ba a ɗaura shi a kan amfanin gona guda. Idan aka ce citta buhu 20 kawai, bashi ne a wuyan mai sayarwa, ko gonarsa ta yi ko ba ta yi ba, ya nemo ya kawo. Ni kuwa cewa na yi "cittar gonarka ta bakin rafi." Da bakina na ɓata cinikina. A ƙarshe dattawa suka shiga, na karɓi rabin uwar kuɗina, muka yafi juna.

To yaushe ne ciniki yake ƙulluwa? Malamai suna cewa sai an sami ijabi da ƙabuli, mu kuma a kasuwa muna cewa tayi da sallamawa. Lauyoyi ma nan suka tsaya. Kafin mai kaya ya ce "na sallama," kowa yana da ikon ya kama gabansa. Kuma ku lura, in ya sa maka kuɗi, kai kuma ka taya ƙasa da haka, ya ce "albarka," to maganarsa ta farko ta mutu. Ba ka da ikon ka zagayo da yamma ka ce dole ya ba ka a kuɗin safe. Wani ɗana da ke karatun lauya ya ba ni labarin shari'ar da aka yi a Ingila a 1840: mai gona ya sa mata fam 1,000, mai saye ya taya 950, aka ƙi. Ya dawo ya ce to ya yarda da dubun, mai gona ya ce ya fasa. Kotu ta ce babu ciniki. Na ce masa ai wannan ko yaron da ke tallar gyaɗa a tasha ya san shi, su sai da suka je gaban alƙali.

Abu na biyu, dokar da muka gada daga Turawa tana so a ga abin da kowane ɓangare ya bayar. Alkawarin kyauta na baki kawai, ba za ka kai ƙara a kansa a kotun majistare ka ci ba. A mazhabarmu ta Malikiyya kyauta tana da nata hukunci, amma ita ma ba ta cika sai an karɓe ta a hannu. In mai kyautar ya rasu ba ka karɓa ba, ta koma gado. Masu cewa "ai marigayi ya ba ni filin nan" alhali ko tubali ɗaya ba su aza ba, su ji da kyau.

Sai kuma hankali da balaga da yarda. Cinikin da aka yi da tilas, ko da yaudara, ana iya warware shi. Wanda aka ƙulla a kan abin da doka ta hana kuwa, ba kotun da za ta karɓo maka kuɗinka. Wannan ba sai na tsawaita ba.

Yanzu bari in zo kan ƙasa, don nan ne gizo yake saƙa. Yawancinmu iyayenmu ko kakanninmu zuwa suka yi, wasu jirgin ƙasa ya kawo su Kafanchan, wasu fatauci. Filayen da muke zaune a kai da gonakin da muke nomawa, ta hanya huɗu suka zo hannunmu: saye, ko haya, ko aro, ko jingina. Waɗanda suka ƙulla sun san wanne ne. Amma sun mutu, shaidunsu sun mutu, yau jika ne da jika, wannan ya ce saye ne, wancan ya ce aro ne. Ku sani, a dokar gargajiya jingina ba ta tsufa. Ko shekara hamsin ta yi, in magadan mai gona suka kawo kuɗin fansa, gonarsu ce. Haka kuma ƙasa da yawa a nan ta dangi ce, ba ta mutum ɗaya ba. In wani saurayi ya sayar maka ba da sanin babban gidansu da manyan dangi ba, ka sayi rigima da kuɗinka. Sannan tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasa amana ce a hannun gwamna. Filin da ke da takardar mallaka ta gwamnati, sayar da shi yana bukatar amincewar gwamna, ƙasar karkara kuwa akwai hannun ƙaramar hukuma. Sa hannun mai unguwa ko dagaci shaida ce mai kyau, ku neme ta, amma ba ita ce ƙarshe ba.

Wani zai ce, "To in na nemi takarda ai kamar ban yarda da mutum ba ne." Wannan kunyar ce ta cinye mu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan me ta sauka? A kan rubuta bashi da kafa shaidu. Sahabbai aka fara gaya wa, kuma ba mu fi su amana ba. Gaskiya ne cinikin baki ciniki ne, doka ta san da shi. Wahalar ita ce tabbatar da shi ranar da aka yi musu.

Takardar ba sai da Turanci mai wuya ba. A rubuta sunayenku, da kayan, da kuɗin, da abin da aka bayar kafin alƙalami, da ranar cikawa, da abin da za a yi in an saɓa. Shaidu biyu su sa hannu, kuma shawarata, in da wanda ba Bahaushe ba kuke ciniki, ɗaya shaidar ya fito daga mutanensa. In ɗayanku bai iya karatu ba, akwai dokar da ke kare shi: wanda ya rubuta ya sa sunansa da adireshinsa, a nuna an karanta masa an fassara masa kafin ya dangwala yatsa. In ba a yi haka ba, gobe yana iya cewa bai san abin da ya dangwala wa ba. Masu ba ɗaliban Kwalejin Ilimi hayar ɗakuna, ku ma da ku nake: rasit, da ranar shiga, da ranar fita, da wanda zai biya kuɗin wuta.

Kuma kada a ajiye takarda wuri ɗaya. Da kasuwar Kafanchan ta ƙone a 2011, ba kaya kaɗai aka rasa ba, littattafan bashi da takardun rumfuna sun tafi. Yau ga waya a hannun kowa, ka ɗauki hoto ka tura wa ɗan'uwanka a Zariya ko Kano. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda kotu ta karɓi abin da ya fito daga waya da kwamfuta in an cika sharuɗɗa, don haka saƙon banki da hirar WhatsApp, kada a goge.

In rigima ta taso, ina za a? Tun 2001, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, jihar nan tana da kotunan Shari'a da kotunan gargajiya, ga majistare, ga kuma babbar kotu a Kafanchan. Musulmi da Musulmi suna iya zuwa kotun Shari'a, amma ba za ka ja maƙwabcinka Kirista can dole ba, saboda haka takardarka ta zama wadda kowane alƙali zai karanta ya gane. Kada kuma ka kwanta a kan haƙƙinka shekara da shekaru, don doka ta sa wa'adin kai ƙara. Caji ofis kuwa ba wurin karɓar bashi ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Ka sa an tsare wanda kake bi, ya fito ya kai ka ƙara, ka wayi gari kai ne ake bi.

Shugaba, roƙona ɗaya ne ga ƙungiya: a samo lauya daga cikin 'ya'yanmu ya zauna da malamanmu, su tsara mana takarda shafi ɗaya da Hausa da Turanci, ta saye, ta haya, ta jingina, da ta salam, a ajiye wurin sakatare. Kuɗin bugun farko ni zan biya. Na ga Magariba ta gabato, mai tambaya ya yi.