Wa Zai Riƙe Mana Jaririn?

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara na ƙungiya



Duk sa'ad da muka zo gida hutun Sallah, akwai tambayar da ba ta wuce mu: "Har yanzu biyun ne?" Mukan sunkuyar da kai mu yi murmushi. Yau muna neman izinin magabata mu ba da amsa.

Mu da muka tashi a babban gida mun san yadda jego yake. Mace ta haihu, ga mai dafa ruwan wanka, ga mai dama kunun kanwa, har a yi arba'in. In ta tafi unguwa kaka na nan, goggo na nan. Ranar yaye ma wurin kakarsa za a kai yaro.

Waɗannan hannuwa duk a gida muka baro su. Ma'aikaciyar da ke zaune a Mararaba ko Suleja tana aiki cikin Abuja, ana idar da sallar Asuba take fita saboda cunkoso, sai bayan Magariba ta dawo. Maigidanta ma haka. Dokar Ƙwadago ta ba ta hutun haihuwa na mako 12 kacal, rabin albashi kuma shi ne abin da ta wajabta a biya ta. Gwamnatin Tarayya tana ba ma'aikatanta mata fiye da haka, a 2021 kuma ta amince wa magidanta kwana 14. To, mai aiki a kanti ko ƙaramar makarantar kuɗi fa? Ta san ciki na iya raba ta da hanyar abincinta.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a karkara ya kai 5.9, a birni kuwa 4.5. Tsadar haya da kuɗin makaranta suna da nasu hannun, amma da yawanmu ba son 'ya'ya muka rasa ba, mai riƙe su muka rasa. Dabarar ɗauko yarinya daga gida, a katse mata karatu don ta yi mana raino, abin kunya ne gare mu.

Saboda haka muna roƙon kwamitin zartarwa ya umarci kowane reshe ya samar da ɗakin raino kusa da inda 'yan ƙungiya suka fi yawa, a ɗauki dattijai mata biyu daga gida, a riƙa biyansu daga asusunmu. Magidanta kuwa, kwana 14 ɗin nan ba don zaman majalisa aka ba ku ba.