Lokacin da Cutar Gaut Ta Fito a Fata



A shekarar 2006 wasu likitoci a Sifen suka binciki guntun ɗan yatsan Sarki Charles na Biyar, wanda ya rasu a 1558. Suka tarar da gishirin yuret ya taru a cikinsa, aka tabbatar gaut ce ta daɗe tana wahalar da shi. Wannan gishiri yakan fara daskarewa ne idan sinadarin yurik asid ya wuce kusan miligiram 6.8 a kowace desilita ta jini.

Yawancin mutane sun san gaut da zafin babban ɗan yatsan ƙafa da ke tayar da mutum cikin dare. Idan ta kai shekara goma ba magani, ƙulli yakan fito a gwiwar hannu, gefen kunne ko agara. Likitoci sun saba da wannan. Inda ake ruɗewa shi ne idan ta canza kama.

Akwai wadda ke fitowa da ƙananan ƙuraje farare ko masu ruwan ɗorawa, kamar ƙwayar gero, warwatse a hannu da ƙafa, har a inda babu gaɓa. Akwai wadda ke shiga kitsen da ke ƙarƙashin fata, musamman a ƙwauri, ta yi kumburi mai tauri, daga baya ya fashe ya zama gyambon da ya ƙi warkewa. Wata a tsokar kan yatsu take zama, kuma an fi ganinta ga tsofaffin mata masu shan maganin sa fitsari saboda hawan jini ko ciwon zuciya. Masu ciwon ƙoda, da waɗanda aka yi wa dashen wani sashen jiki suna shan siklosforin, su ma suna cikin haɗari. Wani majinyacin ma gaɓarsa ba ta taɓa yin ciwo ba, fatar ce ta fara nuna alama.

Nan ɓarna ke faruwa. A ga farin abu yana fita, a ɗauka mugunya ce, a kai wa wanzami ya tsaga, ko a yi ta ba da maganin ƙwayoyin cuta wata da watanni, alhali gishirin yana cin ƙashi, ƙoda kuma tana ƙara lalacewa. Abin takaici, gano shi ba wuya. Tun 1679 Antonie van Leeuwenhoek ya ga wannan gishiri kamar siraran allurai da madubinsa na ƙara girman abu, a 1961 kuma McCarty da Hollander suka nuna shi cikin ruwan gaɓa. Sai dai dole likita ya kula: idan ya jefa naman da ya yanko cikin fomalin, gishirin yakan narke, shaida ta ɓace. Cikin tsantsar alkohol ake sa shi.

Magani kuwa yana nan. Da alofurinol ake sauke yurik asid ƙasa da miligiram 6, ko ƙasa da 5 ga mai ƙulli da yawa, sai gishirin ya riƙa narkewa a hankali. Rage giya, lemon kwalba da kayan ciki yana taimakawa, amma ba ya maye gurbin ƙwaya. Ana fara alofurinol da kaɗan, musamman ga mai ciwon ƙoda, domin shi ma yakan sa fatar wasu ta saɓule. Wanda ya ga ƙuraje da zazzaɓi bayan ya fara sha, ya dakatar, ya garzaya asibiti a ranar.