Yaron da Ƙashinsa ke Yawan Karyewa: Abin da Za Mu Yi Tun Daga Gida Har Asibiti

Jawabin da ma'aikatanmu na lafiya suka gabatar wa dattawan ikilisiya, shugabannin zumuntar mata da masu aikin sa kai na ƙauyuka.

Yau za mu yi magana a kan wani ciwo wanda ba a cika ganinsa ba. Mai yiwuwa a ƙauyenku babu ko mutum ɗaya mai shi. Amma gidan da ya shiga, wahalarsa tana da yawa, kuma rabin wahalar nan daga rashin sani take fitowa. Ana zargin uwa da abin da ba ta yi ba. Ana jan ƙafar yaro domin a gyara ta, sai a ƙara karya ta. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Bari mu ga yadda za mu gane ciwon, da abin da za mu yi a ranar da yaro ya karye.

Wane irin ciwo ne?

Likitoci suna kiransa ostiyojenesis imfafekta, a taƙaice kuma suna cewa OI. Mu bari mu kira shi ciwon gautsin ƙashi. Ana samunsa a wajen jariri ɗaya cikin 15,000 zuwa 20,000, a kowace ƙasa da kowace kabila.

Ku tuna yadda muke gina ɗakin ƙasa. Idan aka kwaɓa laka ba tare da ciyawa ba, bango zai tsaya, amma ba zai daɗe ba sai ya tsage. Ƙashi ma haka yake. Akwai sinadarin kalsiyam da ke ba shi tauri, akwai kuma wasu zaruruwa da ake kira kolajin, su ne kamar ciyawar da ke riƙe laka. Yaro mai wannan ciwo jikinsa ba ya yin isasshen kolajin, ko kuma yana yin marar kyau. Shi ya sa ƙashinsa ke karyewa da ɗan abin da bai kai ya kawo ba: faɗuwa daga kan tabarma zuwa ƙasa, sa masa riga, wani lokaci ma tari kawai.

A shekara ta 1979 wani likita a ƙasar Ostareliya mai suna David Sillence ya kasa ciwon kashi huɗu, kuma har yau likitoci suna amfani da wannan rabon, ko da yake an ƙara wasu a kai. Na ɗaya shi ne mai sauƙi, kuma shi ya fi yawa. Yaro yana tafiya, yana zuwa makaranta, sai dai yana karyewa fiye da tsaransa. Na biyu shi ne mafi tsanani. Jariri yakan karye tun yana ciki, kuma yawanci ba ya daɗewa a duniya. Na uku yana lanƙwasa ƙafafu da hannuwa da baya, yaro ya kasance gajere ƙwarai. Na huɗu yana tsakanin na ɗaya da na uku.

Ba laifin kowa ba ne

Da ciwon nan ake haihuwar mutum. Ba maita ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma wani abu ne da uwa ta ci ko ta taka tana da ciki ba. Yaron ba ɗan ruwa ba ne. Ba a ɗaukar ciwon ta wurin cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya.

Hanyoyi uku yake zuwa. Idan uba ko uwa yana da shi, kowane ciki yana iya zuwa da shi ko ya zo lafiya, rabi da rabi. Wani lokaci kuma yakan fara a kan yaron, ba tare da kowa a dangi ya taɓa yinsa ba. Hanya ta uku irin ta sikila ce: uba da uwa duka lafiyarsu ƙalau, amma kowannensu yana ɗauke da irin ciwon a ɓoye, sai a kowane ciki a sami yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Wannan ta ukun ta shafe mu. Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa wajen mutum 15 cikin kowane 1,000 da aka gwada a Najeriya da Gana suna ɗauke da wani iri mai tsanani a ɓoye. Saboda haka mijin da ya kori matarsa a kan ta haifa masa yaro mai karyewa, ya sani cewa mai yiwuwa rabin abin daga jininsa ya fito.

Alamun da za mu duba

Babbar alama ita ce karaya sau biyu, sau uku ko fiye, ba tare da wani babban hatsari ba. Bayan wannan ku duba waɗannan:

Farin ido yakan yi shuɗi-shuɗi ko ruwan toka. Amma ku lura, jarirai masu lafiya ma idonsu yakan yi ɗan shuɗi a watannin farko, kuma akwai masu ciwon da idonsu fari ne tas.

Haƙora sukan yi ruwan ƙasa ko ruwan toka, suna saurin cinyewa da guntulewa.

Gaɓoɓi sukan yi sako-sako, yaro yana yawan gumi, kuma bai kai tsaransa tsawo ba.

A cikin dangi akwai wanda ya sha karyewa yana yaro, ko wanda ya fara kurumcewa tun yana saurayi.

A jariri kuma, idan yana tsala kuka duk lokacin da aka ɗauke shi ko ana masa wanka, ko ya daina motsa hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya, ko an ga kumburi a cinya, a ɗauka karaya ce har sai likita ya ce ba ita ba ce.

Ba kowace lanƙwasar ƙafa ce wannan ciwo ba

Akwai ciwon da ya fi wannan yawa a wurinmu, wato riket, mai sa gwame ko ƙafar baka da kumburin wuyan hannu. Binciken da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna cewa yawancin riket na yaranmu daga ƙarancin kalsiyam a abinci yake, kuma yana warkewa idan aka ba yaro kalsiyam. Ciwon gautsin ƙashi kuwa kalsiyam kaɗai ba ya warkar da shi. Akwai kuma sikila, mai sa ciwon ƙashi da kumburin hannu da ƙafa, sau da yawa tare da zazzaɓi. Akwai kuma maganar da ba mu so mu ji, amma gaskiya ce: wasu yara dūka ne yake karya su. Ba aikinmu ba ne mu yanke hukunci a ƙofar gida. Aikinmu shi ne mu kai yaro inda za a duba shi, a ɗauki hoton ƙashi, a rarrabe.

Ranar da yaro ya karye

Abu na fari, a kwantar da hankali, a kuma saurari uwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita ta san kukan yunwa, ta san kukan karaya.

Na biyu, kada a ja, kada a murɗa, kada a yi ƙoƙarin miƙar da gaɓar. Ƙafar yaron nan mai yiwuwa dama a lanƙwashe take tun kafin yau. Wanda ya nemi ya miƙar da ita sai ya yi sabuwar karaya.

Na uku, a tallafe gaɓar yadda aka same ta. A naɗe ta da auduga ko zani mai laushi, a sa kwali ko matashin kai a gefe, a ɗaure sako-sako yadda yatsa zai iya shiga. Tallafin ya wuce gaɓar da ke sama da ta ƙasan karayar. Idan hannun jariri ne, ya isa a kwantar da shi a kan ƙirjinsa a naɗe da zani a hankali. A bar yatsu a waje domin a riƙa duba su.

Na huɗu, a ba shi farasitamol gwargwadon nauyinsa. Idan akwai rauni a buɗe, a rufe da tsumma mai tsabta, kada a zuba gari ko ganye ko toka. Idan ƙashi ya fito waje ko gaɓar ta juye sosai, kada a ba shi abinci, domin mai yiwuwa a yi masa aiki.

Na biyar, yadda za a ɗauke shi. A buɗe yatsu, hannu ɗaya a ƙarƙashin kai da kafaɗu, ɗayan a ƙarƙashin ɗuwawu da cinyoyi. Kada a ɗaga shi ta hammata, kada a kama shi ta idon sawu. Ranar karaya ba ranar goyo ba ce, domin ɗaurin zani da majanyi yana matse haƙarƙari da cinya. A shimfiɗa bargo a kan faifai babba ko katako ko cikin kwando mai faɗi, a kwantar da shi. Idan da hali a nemi mota. Idan babur kaɗai ake da shi, babba ya riƙe shimfiɗar a kan cinyarsa, mai tuƙi kuma ya tafi a hankali. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai alamun da ba a jira gari ya waye a kansu: numfashi da ƙyar, amai ko yawan barci bayan yaro ya bugu a kai, ciwon wuya, kasa motsa ƙafafu, da yatsun da suka yi sanyi, suka kumbura ko suka canza launi. Ciwon ƙirji ma abin gaggawa ne ga masu irin mai tsanani, domin ciwon huhu ne ya fi kashe su, ba karaya ba.

Maganar maɗora

Mun san maɗora 'yan'uwanmu ne, suna kusa, kuɗinsu kaɗan ne, kuma mutane sun amince da su. Amma aikin ɗori ja ne da matsa da ɗauri da kara. Ƙashin yaron nan ba zai iya ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu ba. Ɗaurin da ya yi tsanani yana tare jini, gaɓa ta ruɓe, har a kai ga yanke ta, kuma wannan yana faruwa ko ga yara masu ƙashi lafiyayye. Muna roƙon dattawa su zauna da maɗoran ƙauyensu cikin girmamawa, su faɗa masu alamun nan, domin idan an kawo masu irin wannan yaro su ce a wuce asibiti. Haka kuma ungozomomi da kakanni masu wankan jariri: jaririn da ake shakka a kansa, kada a miƙa masa gaɓoɓi, kada a cilla shi sama a cafe.

Idan an isa asibiti

Tun daga bakin ƙofa ku ce, "Likita, yaron nan ƙashinsa yana saurin karyewa, wannan ce karaya ta kaza." Ku roƙa a bar uwa ta ɗora shi a kan gado da hannunta, ita kuma ta riƙe shi wajen ɗaukar hoto. Ku tuna wa nas ta yi hankali wajen ɗaure hannu domin neman jijiya, da wajen awon jini, musamman da na'urar da ke matsa hannu da kanta. Ma'aikaci na iya yin shekaru bai taɓa ganin ciwon nan ba, saboda haka faɗa masa ba raini ba ne, taimako ne.

Ku sani kuma, sabuwar tsagewa ba kullum take fitowa a hoton farko ba. Idan yaro yana jin zafi a wuri ɗaya, a tallafe wurin kamar karaya, a sake hoto bayan mako ɗaya ko biyu. Ƙashinsa yana haɗewa cikin lokaci kamar na sauran yara. Shi ya sa likitocin da suka san ciwon suke sa tallafi marar nauyi, kuma ba sa barinsa ya daɗe, gama ƙashin da ba ya motsi ƙara rauni yake yi.

Kowane gida mai irin wannan yaro ya ajiye ƙaramin littafi: sunan ciwon, ranar kowace karaya, gaɓar da ta karye, da maganin da aka bayar. A haɗa shi da hotunan ƙashi a leda ɗaya, a tafi da su kowace tafiya.

Akwai taimako

Har yanzu babu maganin da ke raba mutum da ciwon gaba ɗaya, amma akwai mai sauƙaƙa shi. A 1998 likitoci a birnin Mantiriyal na Kanada suka nuna cewa maganin famiduronet, wanda ake bayarwa ta ƙarin ruwa, yana ƙara wa ƙashin yaran nan kauri, yana rage masu ciwo. Akwai ɗan'uwansa zoleduronet, wanda akan bayar wajen sau biyu a shekara. Likita ne kaɗai ke ba da su, bayan gwajin jini. Ana kuma yin aiki a sa ƙarfe a cikin ƙashin cinya ko na ƙwauri domin ya miƙe. Ku nemi takardar turawa zuwa wurin likitan ƙashi da likitan yara, kamar a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko asibitocin koyarwa na Jos da na Shika a Zariya.

A gida kuma, yaro yana bukatar madara ko nono, ƙananan kifi da ake ci har da ƙaya, hasken rana, da motsa jiki a hankali. Kada a kulle shi a ɗaki saboda tsoro. Hankalinsa daidai yake da na kowane yaro, kuma karayar takan ragu bayan ya balaga. Michel Petrucciani, Bafaranshen da aka haifa da ciwon nan a 1962, tsawonsa bai wuce mita ɗaya ba, amma ya zama makaɗin fiyano da duniya ta sani.

Aikin da ya rage mana

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyalin da ke zuwa asibiti sau uku ko huɗu a shekara ba za su iya su kaɗai ba. Muna ba da shawara kowace ikilisiya ta yi abubuwa huɗu. A san mai motar da za a iya tasa ko da tsakar dare. A ware ɗan kuɗi a asusun taimako domin tafiyar gaggawa. A yi magana da malaman makaranta su karɓi yaron, su hana bulala da wasan kokawa a kansa. Kuma idan aka ji ana jifan wata uwa da zargi, dattawa da zumuntar mata su tsaya tare da ita har a ji daga bakin likita.

Idan kun koma gida, ku tattauna waɗannan a ƙungiyoyinku: Akwai yaro a ƙauyenmu da ya karye fiye da sau biyu? Me mutane suke faɗi a kansa da kan uwarsa? Idan ya karye yau da dare, wa zai ɗauke shi, da me, zuwa ina?