Sansanin Suomenlinna: Yadda Gidan Yaƙi Ya Zama Unguwa



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wata matsala da ke damun hukumomi a ƙasashe da dama, watau abin da za a yi da tsohon sansanin yaƙi bayan soja sun gama da shi. Rushe shi asarar tarihi ce, kulle shi kuwa kashe shi ne sannu a hankali. Misalin da za a bi shi ne Suomenlinna, sansanin da ke kan wasu tsibirai a bakin tekun Helsinki, babban birnin ƙasar Finlan.

An fara gina shi a 1748, lokacin da Finlan ke ƙarƙashin mulkin Suwidin, domin a tare Rasha daga gabas. Wani hafsa mai suna Augustin Ehrensvärd shi ya shugabanci aikin, aka kuma raɗa wa wurin suna Sveaborg. Duk da kaurin ganuwarsa, a 1808 ya miƙa wuya ga Rashawa, suka riƙe shi shekara ɗari da 'yan kai. A 1855 jiragen ruwan Ingila da Faransa suka yi masa ruwan wuta. Finlan ta sami mulkin kai a 1917, a shekara mai bi aka sake masa suna. A wannan shekara ta 1918 kuma, bayan yaƙin basasa, aka tsare dubban fursunoni a ciki, da yawansu suka mutu saboda yunwa da cuta.

Da makaman zamani suka mayar da ganuwar dutse abin banza, sai a 1973 aka karɓe wurin daga hannun soja, aka kafa masa hukumar farar hula a ƙarƙashin Ma'aikatar Ilmi. Abin da aka miƙa mata ba kaɗan ba ne: gine-gine wajen 200 da ganuwa mai tsawon kimanin kilomita 6. Babban abokin gābarta kuma shi ne sanyi. Ruwa yakan shiga tsakanin duwatsu, ya daskare da hunturu, ya kumbura, ya buɗe su. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ginin da ba kowa ciki ba mai ganin tsagewarsa sai ya zube.

Saboda haka hukumar ta zaɓi ta cika wurin da mutane. Aka gyara barikokin soja da ɗakunan ajiya, aka mai da su gidajen haya da wuraren sana'a. Mazauna tsibiran sun kai kimanin 800, suna da makarantar firamare da laburare da kanti. Jirgin fito da ke kai su kasuwar Helsinki cikin minti goma sha biyar yana cikin tsarin sufurin birni, kamar bas. A farkon shekarun 1980 aka haƙa rami ta ƙarƙashin teku domin bututun ruwa da na ɗumama ɗakuna da wayar lantarki, har motar asibiti na iya bi ta ciki.

Bugu da ƙari, kowane tsohon abu an nema masa aiki. Tsohuwar ma'aikatar gyaran jiragen yaƙi ta koma gyaran jiragen katako. Majami'ar da Rashawa suka gina a 1854 an sa mata fitila a hasumiya tana nuna wa jirage hanya. Akwai kuma gidan yari na sake, inda fursunonin da suka kusa gama wa'adinsu ke gyaran ganuwa, ana biyansu lada, suna koyon sana'ar gini. A 1991 UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan tarihin duniya.

Amma fa kada a ɗauka abin ba wuya. Mai haya ba shi da ikon fasa taga ko sāke fasalin ɗaki yadda ya so. Gyara da farar ƙasa da katako irin na dā ya fi na siminti tsada da cin lokaci. Da rani kuma baƙi masu yawon buɗe ido sukan cika hanyoyi, har su leƙa tsakar gidajen mutane. Kullum sai hukuma ta auna haƙƙin mazauni da na baƙo da na ginin kansa.

A nan akwai darasi ga ma'aikaci da ɗalibi. Kafa doka da manna allo a jikin bango ba su isa su tsare gini ba. Abin da ya tsare Suomenlinna shi ne hukuma guda mai alhakin wurin, kuɗin haya da ke taimaka wa gyara, da jama'ar da ke kwana su tashi a ciki. Duk hukumar da ta gāji irin wannan gini, tambayar farko da ta kamata ta yi ita ce: wa zai zauna ciki, kuma da me za a riƙa gyara shi?